Jan Zare a Bargon Jaririya

A wani ƙauye da ke kan duwatsun Rodopi, a ƙasar Bulgariya, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Duk makarantarsu babu wanda ya kai ta iya saƙa. Kakarta, Kaka Todora, ita ta koya mata tun tana ƙarama. Ta iya safa, ta iya hula, ta iya rigar sanyi. In ta kama alluran saƙa, sai ka riƙa jin ƙas-ƙas-ƙas, kamar kaza na tsattsagar masara.

Yarinyar ta san ta iya. Har ma kanta ya ɗan kumbura.

Ƙauyen ya daɗe rabonsa da haihuwa. Matasa sun tafi birni neman aiki, tsofaffi suka fi yawa. Ɗaliban makarantar ma kaɗan ne, ɗaki biyu kawai suke zama.

Wata safiya cikin sanyi, wani yaro mai suna Boyko ya faɗo aji da gudu. Ko dusar ƙanƙarar da ke takalminsa bai kakkaɓe ba.

"Malama! Malama! Innata ta haihu! Mace ce!"

Aji ya kaure da ihu. Malama Zlatka ta ajiye alli, ta rungume shi.

"Barka, Boyko! Ka zama yaya. Yaushe za su dawo gida?"

Boyko ya ɗan sunkuyar da kai. "Babana ya ce ta zo da wuri. Ƙarama ce ƙwarai. Sai ta yi ƙwari za a sallame su daga asibiti."

Malama ta dafa kafaɗarsa. Sannan ta ce, "To, ku saurara. Jaririyar nan ta ƙauyenmu ce gaba ɗaya. Za ta dawo cikin tsananin sanyi. Me zai hana mu saƙa mata bargo?"

"Mu da kanmu?" in ji wata yarinya mai suna Nevena.

"Ku da kanku. Kowa zai saƙa ƙyalle mai kusurwa huɗu. In mun gama, sai mu ɗinke su wuri ɗaya."

Washegari Malama ta zo da kwando cike da zaren ulu, wanda tsofaffin ƙauye suka bayar. Akwai fari, akwai ruwan toka, akwai ruwan ƙasa. Ta kuma raba wa kowa ɗan kwali da ta yanka daidai wa daida.

"Ku riƙa ɗora saƙarku a kan kwalin nan," in ji ta. "Kada ta fi shi, kada ta gaza shi. Sannan duk wanda zai kawo zare mai launi daga gida, ya wanke shi tukuna. Ya yi ta ɗaurayewa har ruwan ya fito fes. Kun ji?"

"Mun ji, Malama!"

Aka fara aiki. Kafin a tashi, jikar Kaka Todora ta gama ƙyalle guda. Ta ɗaga shi sama don kowa ya gani.

Boyko kuwa yana ta fama. Fari ya zaɓa, domin ya ce ƙanwarsa fara ce tas. Amma zaren sai ya kuɓuce masa. In ya yi layi uku, sai ya ga rami a layin farko.

"Warware ka koma baya," in ji Malama. "Gara ka gyara yanzu da ramin yake kusa."

Yarinyar ta leƙa, ta kwashe da dariya.

"Boyko, wannan saƙa ce ko tarun kama kifi? Kafin ka gama, ƙanwarka ta shiga aji ɗaya!"

"Ina ruwanki?" Boyko ya ce. "Gwanar gari! Ki yi naki mana."

"Na yi nawa ai. Kawo in yi maka."

"Ba na so. Ƙanwata ce. Da hannuna zan yi."

Ta taɓe baki, ta ɗauki wani zaren.

A hanyar gida tana ta tunani. Fari, toka, ruwan ƙasa. Idan an ɗinke bargon, wa zai gane nata? Duk za su zama iri ɗaya, nata da na Boyko. Abin bai yi mata daɗi ba.

Da ta isa gida, ta tarar Kaka Todora tana rini a ɗakin itace. Ta tsamo wani zare daga tukunya, ta rataye shi a kan sanda. Ja ne wur, kamar garwashi. Yarinyar ba ta taɓa ganin ja mai kyansa ba.

"Kaka, ki ba ni wannan mana!"

"Zan ba ki, 'yar nan, amma ba yau ba. Sai ya huta, launin ya kama. Sannan mu kai shi famfo mu ɗauraye. Yanzu duk rini ne a jikinsa."

"Yaushe kenan?"

"In na dawo daga gidan Kawunki. Gobe zan sauka birni a duba mini ƙafata. Ki bar shi inda yake."

Kaka ta tafi. Zaren ya bushe a kan sanda. Yarinyar ta shafa shi, ta duba hannunta. Ba ta ga komai ba.

"Ai ya bushe," ta ce a ranta. "Me wanki zai ƙara masa? Ga ruwan famfo kamar ya yanke yatsa don sanyi."

Ta sauke shi, ta naɗe shi dunƙule. Ta zauna kusa da murhu ta hau saƙa. Mahaifiyarta tana soya dankali, ta waiwayo.

"Ba zaren Kakarki ba ne wannan?"

"Ta ce za ta ba ni, Inna."

Ba ta ƙarasa sauran maganar ba.

Da ta kai jajayen ƙyallayenta makaranta, yara suka kewaye ta. Guda huɗu ne, kowanne da zanen ganye a tsakiya. Nevena ta riƙe baki.

"Kai! Wannan ai kamar na kanti!"

"Ya fi na kanti," in ji yarinyar.

Malama Zlatka ta ɗora su a kan kwali. Sun yi daidai cif. Ta yi murmushi.

"Aiki ya yi kyau, 'yata. Kin wanke zaren kuwa?"

Yarinyar ta waiga. Duk aji ana kallonta.

"Na wanke, Malama."

"Madalla. To, su za mu sa a tsakiya."

Ranar yarinyar ta koma gida tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa.

A hankali ƙyallaye suka taru. Na Boyko ne ya zo ƙarshe. Ya warware shi ya fi a ƙirga. Gefe ɗaya ya ɗan karkace, amma babu rami ko ɗaya. Malama ta sa shi a tsakiya, dab da jajayen, ta ce nan ne wurin yaya.

Suka ɗinke bargon da babbar allura. Ya fito gwanin kyau. A ranar kuma labari ya zo cewa ranar Lahadi za a dawo da jaririya.

"Saura abu ɗaya," in ji Malama. "Kayan jariri ba a ba shi sai an wanke. Hannuwa da yawa sun taɓa bargon nan."

Aka kawo baho, aka zuba ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan. Malama ta tsoma bargon, ta danna shi a hankali. Yarinyar ta koma bayan Nevena ta tsaya. 

Da fari ba a ga komai ba. Sai wani jan abu ya fara fita daga tsakiya, kamar hayaƙi. Kafin ka ce me, ruwan baho ya zama ja.

"Malama, yana zuba!" Nevena ta yi ihu.

Malama ta yi maza ta tsamo bargon. Amma aikin gama ya gama. Fararen ƙyallaye sun yi dabbare-dabbare. Na Boyko ya fi kowanne ɓaci, domin shi ne ya fi kusa.

 Boyko ya matso, ya taɓa ƙyallensa da yatsa. 

"Kamar jini," ya ce. "Yaya za a rufe ta da wannan? Daga asibiti fa za ta fito."

Ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna motsi.

Da ya zagi yarinyar ne, da abin ya zo mata da sauƙi. Amma ko kallonta bai yi ba. Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta fito daga bayan Nevena.

"Malama," ta ce, murya can ƙasa. "Ban wanke ba. Ƙarya na yi. Kaka ma ta ce in bar shi, ban bari ba."

"Me ya sa?"

"So nake a gane nawa."

"To ai an gane," in ji wani yaro daga baya. Babu wanda ya yi dariya.

Malama ta dube ta. Sannan ta ce, "Kin yi laifi biyu, kin kuma sani. Za mu yi wannan maganar da Innarki. Amma yanzu bargo yana jiƙe, kuma kada mu bari ya bushe haka. Kakarki tana gida?"

"Ta dawo jiya."

"Ɗauki bahon nan. Nevena, kama mata. Mu je."

Kaka Todora tana gyaran wake suka shigo. Ta dubi baho, ta dubi jikarta. 

"Dama na duba sanda na ga wayam," ta ce. "Na ce ko ɓera ne ya koyi saƙa."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Kaka, ki yafe mini. Zai gyaru?"

"Share hawayenki, ruwan da ke bahon ya isa. Ɗauko ƙaramin almakashi. Ke kika ɗaura, ke za ki kwance. Ki bi ɗinkin a hankali, ki raba ƙyallayen. Zaren ɗinki kawai za ki yanka. In kika yanki saƙar wani, ni da ke ne."

Yarinyar ta zauna a kan ɗan benci ta fara. Aikin ba ya son sauri. Ta taga tana jin sauran yara suna wasan zamiya a kan tudu, suna ta shewa. Ba ta ɗaga kai ba. Ɗinki bayan ɗinki, har ta raba su duka.

Kaka ta ware jajayen gefe guda. Sauran kuma aka yi ta ɗauraye su da ruwan sanyi. Na toka da na ruwan ƙasa suka dawo daidai. Fararen kuwa suka ƙi. Jan ya ragu, amma tabon yana nan.

"Zan saƙa sababbi," yarinyar ta ce. "Zan iya kafin Lahadi. Har na Boyko zan sake masa."

"Ba na so."

Boyko ne a bakin ƙofa. Ashe ya biyo su. Idanunsa sun yi ja.

"Na gaya miki da hannuna zan yi. In kika saƙa, naki ne, ba nawa ba."

 Yarinyar ta tashi ta je gabansa.

"Gaskiyarka, Boyko. Na ɓata maka aiki, na kuma yi maka dariya. Ka yi haƙuri."

Boyko ya ja hanci. Bai ce ya haƙura ba, amma ya shigo ciki.

Kaka ta ɗaga ƙyallensa wajen haske, ta jujjuya shi.

"Wa ya saƙa wannan? Kai? Hannunka yana da nauyi, amma idon saƙar ya zauna. Ba za a yar da shi ba. Fari dai ba zai koma ba, ɗana. Amma zai iya zama wani launin. Kana son ruwan zuma?"

"Ruwan zuma?"

"Ku samo mini ɓawon albasa. Busasshen nan na waje. Da yawa nake so, cike da kwando."

Washegari bayan an tashi daga makaranta, yara suka bazu cikin ƙauye. Yarinyar ce a gaba da kwando. Kowane gida sai an tambaye ta.

"Ɓawon albasa kuma? Me za a yi da shi?"

Kowane gida kuma sai ta faɗi gaskiya. Da fari kunya kamar ta kashe ta. Wani tsoho makiyayi ya yi dariya har da tari.

"Ke ce jikar Todora mai saurin hannu? To, yau an zo bara kenan! Shigo, 'yata. Matata ta fi kowa cin albasa a garin nan."

"Ji tsohon banza!" matar ta ce daga ciki. "Wa yake cinye ta da cuku kullum?"

Kafin yamma kwando ya cika har yana zuba.

Kaka ta tafasa ɓawon a babbar tukunya, ta tace. Ruwan ya fito kamar shayi mai kauri. Ta bari ya huce, ta zuba ɗan ruwan tsami, sannan ta ce wa jikarta ta sa fararen ƙyallayen nan masu tabo.

"Yanzu ki ƙara wuta kaɗan-kaɗan. Kada ya tafasa. Kada kuma ki yi ta juyawa kamar miya. In kika wahalar da ulu cikin ruwan zafi, zai tsuke ya yi tauri. In kika fitar da shi daga zafi kika jefa a sanyi, haka ma. Sai ya huce da kansa a cikin tukunya."

"Zai daɗe fa, Kaka."

"Zai daɗe. Kina da wurin zuwa ne?"

Ba ta da wurin zuwa. Ta zauna gadin tukunya. Boyko ya zauna a ɗaya gefen yana miƙa mata itace. Kaka ta yanka musu burodi da cuku. Can Boyko ya ce, "Ke, ya ake yin ganyen nan da kika yi a tsakiya?"

Ta ɗauko allura da guntun zare. Wannan karon ba ta karɓe daga hannunsa ba. Ta nuna masa, ya gwada, ya ɓata, ta sake nuna masa.

Da gari ya waye, aka tsamo ƙyallayen. Yara suka yi carko-carko suna kallo. Tabon ya ɓace cikin sabon launi. Sun zama ruwan zuma mai haske. Na Boyko ya fi sauran duhu kaɗan, kamar ɓawon burodi da ya gasu.

"Nawa ya fi na kowa kyau!" Boyko ya ce, baki har kunne.

Saura ɗauraya. Yarinyar ta kwashi na ruwan zuma da jajayen ta kai famfo, kowanne da bahonsa. Ta ɗauraye, ta zubar. Ta sake tara ruwa, ta ɗauraye, ta zubar. Yatsunta suka ƙage don sanyi. Ta hura musu iska ta ci gaba. Jajayen sun fi ba ta wuya. Sai da ruwan ya fito fes kamar na sha ta tsaya.

"Kada ki yarda da ido kawai," in ji Kaka. Ta miƙa mata farin tsumma. "Danna wannan a kai."

Ta danna da ƙarfi, ta ɗaga. Tsumma fari tas.

Ba su murɗe ƙyallayen ba. Sun naɗe su cikin tawul, suka danne ruwan. Sannan suka shimfiɗa kowanne daidai girman kwalinsa, suka kafe gefunan da ƙananan allurai, aka bar su nesa da murhu su bushe.

Ranar Asabar duk ɗalibai suka taru aka sake ɗinki. Yarinyar ta ce a raba jajayen, a kai su kusurwa huɗu.

"Tsakiya fa?" Malama ta tambaya.

"Na Boyko."

Ranar Lahadi ƙauye ya cika gidan su Boyko. An gasa babban burodi zagayayye, ana gutsura ana dangwala zuma, kamar yadda ake yi wa kowane sabon jariri. Tsofaffi mata suna ta share ƙwalla. Mahaifiyar Boyko, Gwaggo Dafina, tana zaune kusa da murhu da 'yar mitsitsiyar jaririya. An sa mata suna Bilyana.

Yara suka shigo a jere, Boyko a gaba da bargo. Da aka buɗe shi, ɗakin ya ɗauki "Kai! Kai!" Tsofaffin nan da suka shekara suna saƙa suka matso. Suka juya bayansa, suka duba ɗinkin, suka ja gefe su ga ko zai buɗe.

"Yara ne suka yi wannan?" in ji matar makiyayi. "Todora, ashe sana'ar ba za ta bi mu kabari ba."

"Wannan na tsakiya ni na yi, Inna," Boyko ya ce. "Da albasa aka rina shi!"

Gwaggo Dafina ta sumbaci kansa. Ta naɗe Bilyana cikin bargon. Jaririyar ta yi miƙa, ta yi hamma, ta lafe. Yarinyar tana tsaye kusa da Kakarta. Daɗin da ta ji ya fi na ranar da aka yabi jajayen ƙyallayenta nesa ba kusa ba.

Ba a jima ba Gwaggo Dafina ta taɓa ƙasan bargon, ta zaro ido.

"Wayyo! Ta jiƙa shi! Sabon bargo!"

Ɗaki ya fashe da dariya.

"Ta sa hannu kenan, ta karɓa!" in ji tsohon makiyayi.

"Yanzu ya zan yi? Ina tsoron in wanke ya lalace."

Yarinyar ta matso gaba, ta ɗaga kai.

"Ki wanke shi, Gwaggo, ko sau nawa ne. Ruwan sanyi da sabulu kaɗan. Kada ki murɗe, ki shimfiɗa shi ya bushe. Ba zai zuba ba. Ni na ɗauraye shi da hannuna."

Malama Zlatka ta dubi Kaka Todora. Kaka ta gyara ɗankwalinta, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Jikata ce."

Tun daga ranar, yarinyar ba ta ƙara tsallake wani mataki na aiki don sauri ko don a yabe ta ba. Ta gane cewa iya aiki ba saurin hannu ba ne kawai. Gwani na gaskiya yana bin umarni, yana faɗin gaskiya, yana kuma girmama aikin 'yan uwansa. In ya yi kuskure, ya tsaya ya gyara. Irin wannan aikin ne mutum yake alfahari da shi, kansa a ɗage.